Shiru Ba Amsa Ba Ne

Daga Allah muka zo, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, da hantsi, babbar 'yarka ta aiko mini cewa ka cika. Eriya, kamar yadda muke kiranka saboda tsawonka, ka riga ni.

Shekara ashirin da shida muka yi tare a kamfanin fasa duwatsu, kana kula da na'urorin oba-oba. Ka fara da masu nauyin nan da ake goyawa, ka ƙare da waɗanda ke shiga aljihu. Ni kuwa, da digirina a ƙasan akwati, ilimina ya ƙare a gadin bakin rami da jan ƙyalle a hannu. Kowa "Injiniya" yake ce mini don ba'a. Kai kaɗai kake faɗa da gaske.

Ƙa'idarka ɗaya ce: ba a tayar da nakiya sai kowane mai gadi ya amsa da bakinsa. Wata rana sabon manaja ya wanke ni tas ta oba-oba, kowa yana ji. Na kashe tawa don haushi, na gangara rami na zauna a inuwar dutsen da aka ɗana wa nakiya, ban san an matso da lokacin fashewa ba.

An ce da ka kira ni ban amsa ba, manajan ya yi ta ihu a tayar, wai tsohon, wato ni, ya tafi gida. Ka ce, "Yallaɓai, shiru ba amsa ba ne." Ka zare mabuɗin na'urar tayar da nakiyar, ka gangaro da gwiwarka mai ciwo har ka same ni. Ka ce, "Injiniya, in fushi kake, zage mu ta oba-oba mana, mu san kana raye." An dakatar da kai sati biyu. Girman kai ya hana ni gode maka.

Da muka yi ritaya ka gyara tsofaffin oba-oba biyu, ka ba ni ɗaya. Kowace safiya sai in ji, "Injiniya, kana ji na?" Tawa tana nan bakin taga, a kunne. Ina jin ka, ɗan'uwa. Na gode.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya ba ka ikon amsa tambaya. Ya ba maiɗakinka da 'ya'yanka haƙurin wannan rashi. Amin.