Yadda Hotunan Waisake Suka Tsira

Shekara arba'in Waisake yana ɗaukar hoto a garin Levuka da ke bakin teku, daga bikin aure har jana'iza. Da ya tsufa, danshin teku ya fara cin fim ɗin hotunan da ya tara cikin gwangwanayen biskit. Sai ya sayo na'urar da ke kwafe fim zuwa kwamfuta. Amma tsohuwar kwamfutarsa ba ta da ƙarfi. Hoto ɗaya sai ta yi minti ashirin tana nishi, wani lokacin ma ta tsaya cak.

Maƙwabciyarsa Shalini, mai gyaran kwamfuta a bakin kasuwa, ta leƙo ta same shi yana yi wa kwamfutar magiya.

"Kawu, ba lallashi take so ba," in ji Shalini tana dariya. "Ƙwaƙwalwarta ce ƙarama. Hoto ɗaya ya cika ta, balle dubu."

Waisake ya ce, "To ni da ita wa ya fi tsufa?"

"Kai ne, amma kai kana riƙe abu."

Washegari ta ciro ƙwaƙwalwa daga wata matacciyar kwamfuta ta ƙara wa tasa. Cikin wata shida ya kammala aikin, mutanen gari suka riƙa zuwa neman fuskokin iyayensu. Ni ma a wurinsa na ga hoton mahaifiyata tana budurwa, da fure a kunne, tana dariya a bakin tashar jirgin ruwa.

Waisake ya rasu bara. Duk lokacin da na haƙa rogo a gonata, Shalini nake fara kai wa.