Injin Sha'aban a Gidan Surukai

Sha'aban taubashina ne, ɗan kawuna Jalo. Ni 'yar mace ce, shi ɗan namiji, don haka tun muna yara yake kirana baiwarsa, ni kuma ina ramawa da tona masa asiri. Yau ma abin da ya kawo ni ke nan.

Manomin rani ne a fadamar Katagum, albasa da tattasai. A boko bai yi nisa ba, kamar ni, amma in dai injin ban ruwa ne, wallahi ko daga Jama'are ya jiyo kukansa zai gaya maka abin da ke damunsa. Nasa ja ne, yana goge shi fiye da yadda yake goge fuskarsa. Komai ya lalace a duniya, maganin Sha'aban ɗaya ne: a tayar da inji. Sai kuma kunya! Ƙato ne wanda sai ya karkace yake shiga ƙofa, amma babbar mace ta ce masa sannu, sai gumi.

Ya ga ƙawata Sadiya a Azare, ya susuce. Mahaifinta ya amince. Mahaifiyarta, Hajiya Mariyamu, ita ce ta ƙi cewa e, ta ƙi cewa a'a. Ta ce ba za ta ba da 'yarta ga mutumin da in ya hango ta sai ya tsuguna ya kama kallon takalminsa ba, don ba ta san ko yana da amfani ba. Magana ta tsaya cak a wurinta.

Ana nan sai bututun kicin ɗin Hajiya ya toshe. Bututun nan ya girmi Sadiya. Manja, man shanu, ƙanzon tuwo, yauƙin kuɓewa, duk abin da gidan ya ci tun kafin a haife mu yana ciki ya daskare. An zuba tafasasshen ruwa, an zuba kanwa, an zura waya, shiru. Ruwan wanke-wanke ya kwanta yana wari har zaure. Ina gaya wa Sha'aban sai idonsa ya yi haske.

Ranar Asabar da hantsi sai ga shi, inji ɗaure a bayan babur. Ya sa 'yan garuwa suka cika masa duro, ya zagaya bayan gida inda bututun yake zuba a kwata, ya cusa tiyo, ya naɗe bakin da roba tam.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba daga ciki ake turo dauɗa waje ba?"

Ya zaro ido. "Ke baiwa, kina da hankali? In shiga gidan surukai? Har kicin? Ke dai shiga ki gano mini."

Na shiga. Na tarar da Hajiya da Sadiya tsaye a kan gurbin wanke-wanke. Muka ji inji ya tashi, ƙasa tana rawa. Bututu ya fara gurnani kamar ya ci ɗanyen wake.

Hajiya ta ce mini, "Suwaiba, ni ban ga komai ba." Ta sunkuya ta leƙa ramin.

Jama'a! Abin da ya fito ban taɓa ganin irinsa ba. Baƙi ƙirin, ya tashi sama ya doki kwanon rufi, ya dawo mana kamar ruwan Agusta. Tukwane, buhun gero, fitila, kyanwa, babu wanda ya tsira. Har cokalin da ya ɓace tun sunan Sadiya ya fito yana shawagi. Hajiya kuwa idanunta kaɗai ake gani. Muka sa ihu, shi kuma a waje ya ɗauka murna muke yi, ya ƙara wa inji wuta!

Da ya ji Sadiya tana salati ne ya gane. Ya kashe inji, ya faɗo gidan a guje babu ko sallama, har tsakiyar kicin. Sai ga shi ga Hajiya, ido da ido. Ya nemi tsugunawa, santsi ya kwashe shi, tim!

Hajiya ta share bakinta da gefen zane. Ta ce, "Tashi, ɗan nan. Ga tsintsiya, ga bokiti."

Har la'asar yana wanke-wanke. Ya wanke bango, ya wanke rufi, ya shanya gero, ya wanke tukwanen da tun da aka saye su ba su ga irin wannan gata ba. Ita kuwa ta yi wanka ta zauna a kujera 'yar tsugunne tana nuna masa lungu-lungu, tana tambayarsa kuɗin albasa a bana, yana amsawa. Da ya gama ya juye bokitin ƙarshe a gurbin, ruwa ya wuce zuuu, ko tsayawa bai yi ba.

Hajiya ta daɗe tana kallon ramin. Sannan ta ce, "Ka gaya wa Malam Jalo su zo ranar Juma'a. Amma injin nan ko layinmu kada ya sake shigowa."

Muna fita ya jawo ni gefe, har yanzu baƙin maiƙo a kunnensa. Ya ce, "Baiwa, tsakaninki da Allah, ya buɗe ko bai buɗe ba?"