Takalman 'Yan Dubiya

Babanmu ba ya barin baƙo ya tafi bai taka masa ba. Ko mai tallan manja ne sai ya kai shi bakin zaure. Da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, abin da ya fi cin ransa shi ne a yi masa sallama yana kwance.

Ni ce babbar 'yarsa, ni na dawo gidanmu na garin Ƙofa jinya. A asibiti a Kano aka ɗora shi a kan maganin tsinka jini. Matar da ke masa gashin ƙashi a asibitin ta ja ni gefe ta ce, "In ya faɗi ya bugu a ka, ko ba ki ga ɗigon jini ba, ki kawo shi nan take. A ciki yake zuba." Na ce na ji. Wallahi na ji, da kunnuwana biyu.

Sannu a hankali ya fara takawa da sanda. Ni ce ma mai zuga shi: "Haba Baba, kazar gidan nan ta fi ka sauri!" Sai ya yi dariya da rabin baki ya ƙara taku.

Wata rana abokansa na noma suka zo dubiya daga Ƙafin Maiyaki. Dattawa suka cika ɗaki, takalmansu zube a bakin ƙofa. Na tsallake su da kwanon fura a hannu. Raina ya ba ni in kawar da su, sai na ji nauyin ture takalman manya suna kallo, na ce bari dai su tashi.

Ɗayansu ya miƙe zai riga sauran tafiya. Kafin in ajiye ludayi Baba ya lalubo sanda ya bi shi. Ƙafar da yake ja ta harɗe da wani silifas, kansa ya daki gefen ƙyaure.

Ba jini, sai ɗan kumburi. Dattawa suka yi ta "Allah ya kiyaye gaba." Na ce a nemo mota. Baba ya harare ni ya ce, "Kada ki tara min jama'a a gaban baƙina. Miƙo hulata." Ni da bakina ba ya mutuwa a gidan nan, ranar bin maganarsa na yi. Na shafa masa man zafi, na gyara masa hular ta rufe wurin. Har yau ina tuna hannuna a kan hular nan.

Washegari da hantsi aka yi ta tashinsa, da ƙyar yake buɗe ido. Muna isa Kano likita ya tambaye ni yaushe ya faɗi. Na ce jiya. Ya kawar da kai ya koma kan Baba, da ma zagina ya yi. Baba bai ƙara farkawa ba.

A zaman makoki takalma suka sake cika bakin ƙofar. Na kasa zama karɓar gaisuwa, sai kwashe su nake ina jerawa jikin bango, na manya da na yara. Ƙanwar Baba ta zo ta riƙe min hannu.

"Bari haka, 'yata," ta ce. "Ba mai fitowa rakiya."