Malama Yagana Ba Ta Iso Gidanmu Ba

Ranar Asabar da hantsi labarin ya same ni. Na share zaure, na shimfiɗa sabuwar tabarma, domin a ranar Malama Yagana ta ce za ta zo gidanmu a Fagge ta yi magana da Baba a kaina. Duk adaidaita sahun da ya tsaya a bakin layi sai na leƙa. Can na ji wayar Inna ta yi ƙara a tsakar gida, sai kuma na ji salati. Ta fito ta ce, “Rabi, naɗe tabarmar nan. Malamarku ta rasu da asuba.” Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban iya naɗewa ba. A kanta na zauna, har aka kira azahar.

Ni ba mai magana ba ce. Bara na gama firamare, kuma tun da na shiga sakandare bencin baya nake zama don kada a tambaye ni. Malama Yagana ce ke koya mana tarihi. Ba ta taɓa tilasta mini in miƙe a gaban aji ba. Ta ce tunda bakina nauyi gare shi, hannuna ya yi masa aiki. Da aka sa gasar maƙala a makaranta a kan yadda gidan kowa ya zo Kano, ita ta rubuta sunana ba tare da ta tambaye ni ba.

Labarin gidanmu kowa ya haddace shi. Kakana Modu ya taso daga Nguru a jirgin ƙasa da tarago guda cike da kanwa, tasa ta kansa, ya sauka Kano yana attajiri. Haka Baba yake faɗa duk sallah idan 'yan uwa sun taru. Na cika shafi uku da wannan, har na kira shi giwa mai tafiya da ƙasa. Malama ta karanta, ta cire tabarau, ta dube ni.

“Rabi, maroƙiya kike son zama? Ki faɗa mini in saya miki kalangu.”

Na sunkuyar da kai. Ta ja kujera kusa da ita ta ce in zauna. Da jan biro ta zagaye duk inda na rubuta “an ce”, har wuri tara. “Wa ya ce? Yana ina lokacin da abin ya faru? Da ido ya gani, ko shi ma ji ya yi?” A ranar na fara sanin cewa maƙala tana da gabatarwa, inda za ki faɗi abin da kike son tabbatarwa, sannan hujjoji su biyo baya, kowane sakin layi da maganarsa guda. Takan ce, “Alƙalami ba ya roƙo, shaida yake bayarwa.” Takan kuma ce jimlar da ta yi tsawo har numfashi ya ƙare, marubucinta ne bai san abin da yake son faɗa ba.

Ita ta kai ni Sabon Gari da kanta, ranar da ba aiki, wurin wata tsohuwa 'yar Zariya da ake kira Mama Rifkatu, wadda mahaifinta ya yi aiki a tashar jirgi. A hanya ta gargaɗe ni kada in sa wa tsohuwar magana a baki. In yi tambaya, in yi shiru.

“Modu Babarbare?” in ji Mama Rifkatu. “Na san shi kamar yunwar cikina. Damina biyu ya yi a zauren babana.”

Da ƙyar na tambaye ta batun tarago. Ta yi dariya har da tari.

“Tarago kam ya sha hawa, 'yar nan, amma don ya sauke kayan mutane. Dako yake yi. Da jaka ɗaya ya zo, ita ce matashin kansa.”

Na so ƙasa ta tsage in shige. Malama ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ce mu tsaya a nan ba. Ta ce shaida ɗaya ba ta yanke hukunci. Muka nemo wani tsohon tela a bayan Kantin Kwari, shi ma ya faɗi haka, alhali bai san Mama Rifkatu ba. Malama ta ce in kawo maganar gida, in kawo ta mutanen nan biyu, sannan in faɗi wadda na fi yarda da ita da dalilina, ba tare da na raina kowa ba.

Da Baba ya ga rubutun, ransa ya ɓaci ƙwarai. “Ubana za ki tsiraita a gaban 'ya'yan mutane? Gobe in shiga Kwari a ce ga ɗan ɗan dako? Ki rubuta abin da aka gaya miki a gida, ko ki fita daga gasar.” Washegari na kai wa Malama kukana. Ta ce, “Ba zan ce ki saɓa wa mahaifinki ba. Ba kuma zan sa hannu a kan abin da muka san ba haka yake ba. Ki bar mini littafin. Asabar ina tafe.”

Bayan rasuwarta ban san inda zan sa kaina ba. Na gwada sake rubuta labarin taragon don in huta, hannuna ya ƙi. Na tsaya a ƙofar ɗakin Baba sau da yawa, in buɗe baki, sai in wuce kamar wani abu nake nema. Mutum ɗaya ce a duniya take jin abin da ban faɗa ba, ita ce kuma aka kai makwanci.

Ranar addu'ar uku Baba ya kai ni ta'aziyya. Babbar 'yar marigayiyar, Anti Falmata, ta miƙo mini littafina, ta ce a cikin jakar Malama ta gan shi, tare da mayafin da ta ware don fitar Asabar. A cikin adaidaita sahu Baba ya karɓa ya buɗe. Ya bi jan biron shafi bayan shafi, har inda ya ƙare. Muna shiga gida ya kira ni.

“Kakanki, nan tsakiyar kansa,” ya ce, ya ɗora hannu a kan hularsa, “gashi bai sake fitowa ba, gammo ya cinye shi. Ni nake shafa masa man zafi a wuya ina yaro. Ki rubuta. Amma ki ƙara cewa bai taɓa yar da kayan kowa ba.”

Na rubuta, na sa Baba a matsayin shaida na uku, wanda ya gani da ido. Wannan ne abin da na fi so Malama ta ji, kuma ba za ta ji ba.

Saura kammalawa. Ita kaɗai ce Malama ba ta koya mini ba, ta ce sai hujjoji sun cika. Yanzu sun cika. Litinin za a karɓa, na yaga takarda bakwai, kuma duk wadda na rubuta ban san ko ta yi ba. Haka zan miƙa ta, shafin ƙarshe babu ja ko ɗaya a jikinsa.

Ya Allah, Ka ji ƙan Malama Yagana, Ka yafe mata kurakuranta, Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi. Ka sa ilimin da ta bari ya zama mata sadaka mai gudana. Ka ba Anti Falmata da ƙannenta haƙurin wannan rashi, Ka zama gatansu. Mu kuma da ta bari a tsakiyar darasi, Ka dube mu da rahamarka. Amin.