Littattafan da Aka Kulle a Sito

Hedimastan firamaren garinmu ya cuce ni. Littattafan da aka kawo wa 'ya'yanmu kyauta ya kulle a sito shekara biyu cur har gara ta cinye su, 'yata kuma ta gama aji shida ba ta iya karatu ba. Bai sayar ba, wannan zan shaide shi ko a gaban alƙali. Da sayarwa ya yi ma da na fi gane masa.

Ni a aji huɗu na tsaya. Mahaifina ya ce gona ta fi buƙatata, na ajiye fensir na ɗau fartanya. Ina iya haɗa baƙi a hankali ina bi da yatsa, da ɗan ilimin nan nake wannan rubutun. Shi ya sa na ce yarinyar nan, ita ce ta uku a 'ya'yana, ko me za a yi sai ta wuce ni. Ban taɓa ɗora mata talla ba. Lokacin cirar gyaɗa, da kowa ke janye nasa, tawa tana makaranta.

Ranar da aka kawo littattafan ina wurin. Wasu baƙi ne suka zo daga Kano a farar mota. An share fili, an yayyafa ruwa, an aro kujeru daga gidan mai gari. Aka jera yara, aka ba kowa littafi uku da jaka, aka ce su ɗaga sama, aka ɗau hoto. Muka tafa. Motar ba ta kai bakin titi ba hedimasta ya bi layi ya karɓe littattafan. Jakunkunan dai ya bar musu. 'Yata ta yi ta goyon sabuwar jaka, ba komai a ciki sai dafaffen rogo.

Bayan sati biyu na same shi a gindin darbejiyar makaranta.

Na ce, "Malam, a ba yarinya ko guda ɗaya mana, in riƙa duba mata a gida."

Ya ce, "Haba, kai ma ka san yaranmu. Kwana uku littafi ya zama takardar ƙosai. Mutanen nan za su dawo dubawa. In suka tarar an yayyaga, wa za a kama? Ni."

"To in suka tarar yara ba su iya karatu ba fa?"

"Wannan ba ya cikin fom ɗin da suka bari."

Ya faɗa ko dariya bai yi ba. Nasa 'ya'yan kullum da safe a babur ake kai su makarantar kuɗi a Ɗambatta.

Na haƙura, saboda duk zango sai ta kawo mini takardar sakamako, ta zo ta huɗu a aji. Har kaza na taɓa yankawa. Sai wata rana idona yana ciwo, na miƙa mata kwalbar maganin feshin wake na ce ta karanta mini murfi nawa ake zubawa. Ta dubi kwalbar, ta dube ni.

"Baba, mu a allo muke yi."

Na ɗau gawayi na rubuta "gero" a jikin katanga, manya-manya. Ta bi baƙaƙen da ido. Ta ce ba a zo wurin ba tukuna. Ta huɗu ke nan. Har yau ina son in ga na biyar.

Jarrabawar shiga sakandare ta zo, ta faɗi. Ba ita kaɗai ba, sai dai ita ce tawa.

Da daminar nan bangon siton ya rufta, aka kira iyaye gayya. Ni na fara jawo kwali, gindinsa ya zube a ƙafata. Bangon littattafan na nan yana ƙyalli kamar ranar da aka kawo su, amma kana buɗewa sai ƙasa da gara. Kwali bayan kwali, duk haka. Baƙin nan kuwa ba su taɓa dawowa ba.

Hedimasta ya yi salati, ya ce haka Allah ya ƙaddara, mu taimaka mu kwashe mu zuba a kududdufi kafin yara su gani. Na ce masa ina so 'yata ta maimaita aji shida. Ya ce ai sunanta ya riga ya fita daga rajista, ta gama, kuma ajin ya cika.

Na kakkaɓe hannuna a riga. A gaban mutane na ce masa, "Malam, ban yafe ba, ka ji da kyau. Ranar Litinin za ta dawo, da suna a rajista ko babu. Ni ma zan zo da tabarmata in zauna bakin taga har a tashi, kullum, ko gonata ta zama daji. In ganina ya ishe ka, ka koya mata karatu."