Matar da ta hana mu kashe jaki

Ƙarfe bakwai da rabi take shigowa ofis, tun mai shara bai gama ba. Ta goge tabarau da gefen mayafi, ta kunna kwamfuta, ta ɗauki rimot ɗin wasan nan nata da maɓallansa suka koɗe. Daga nan sai ta fara wasa daga farkonsa, kamar wadda ba ta taɓa ganinsa ba. Shekara goma sha shida tana haka a ɗan kamfaninmu na wasannin bidiyo. Aikinta gwaji ne: ta buga abin da muka haɗa, ta zaƙulo inda ya lalace, in ta gamsu ta sa hannu a fitar da shi kasuwa. Anti Dakata muke ce mata, domin duk wanda ya zo da rawar jiki yana cewa ya gama, kalmar da zai fara ji ke nan.

Ni ke rubuta labari da maganganun cikin wasan, kuma ba zan ɓoye ba, na daɗe ina jin haushinta. Mutum ya yi wata yana zuba basira, ita kuma ta leƙo ta ce, "Ƙanena, ƙofar nan ba ta buɗuwa in mutum ya zo mata ta hagu." Wa zai zo ta hagu? Ita mana.

Wasanmu na farko shekara uku muka yi a kansa. Labarin matafiyi ne da ake ba shi ɗan jaki, yana ciyar da shi, jakin yana girma har ƙarshen tafiya. Ya karɓu fiye da zatonmu. Da aka zo kashi na biyu, sai masu kamfani suka kawo sabon manaja, mutum mai kirki amma mai kallon kalanda fiye da fuskar mutane. Wata goma ya ba mu. Ya raba mu ɗaki uku, masu zane, masu haɗa wasan, da mu masu labari, kowa da nasa jadawali, ba mai lokacin leƙa ɗan'uwansa. Biyu daga cikin tsofaffin hannu suka gaji suka ajiye aiki. A talla kuwa an riga an yi wa jama'a alkawari: jakinka na wancan wasan zai biyo ka cikin wannan.

Saboda sauri, kowannenmu yanke yake yi. Akwai lambar da muke dannawa mu dira kai tsaye a wurin da muke aiki, da sabon jaki siriri. Anti kaɗai ce ba ta taɓa dannata ba. Ita da tsohon jakinta take tafiya, wanda ta shekara huɗu tana ciyarwa kowace safiya har ya yi taiɓa.

Saura mako uku a fitar da wasan ta kira ni. A allonta ga jaki ya cije a bakin gada, ba gaba ba baya. Na yi dariya. Ba ta yi ba. Ta miƙo mini takarda: wuri arba'in da ɗaya, gadoji da ƙofofi da lunguna, duk an auna su ne da siririn jaki. Duk wanda ya shigo da nasa na da, bayan awa tara zai maƙale, wasa ya ƙare masa.

Manaja ya tara mu. Masu haɗa wasan suka ce gyaran zai ci wata biyar. Ya dubi kalanda, ya dube ni.

"Marubuci, ka kashe jakin. Layi biyu a farko: ya tsufa, ya mutu, ga sabo."

Kuma na rubuta. Wannan shi ne abin da har yau nake jin kunyarsa. Minti goma ban yi ba, har ina yaba wa kaina yadda ya fito da ban tausayi.

Washegari manaja ya kai mata takardar sa hannu. Ta karanta layukana, ta ninke, ta sa a jaka.

"Ranka ya daɗe, dakata. Zo ka zauna nan."

Manaja ya zauna a kujerarta. Ta buɗe masa wani wuri a kwamfuta da babu wanda ya san tana tarawa: saƙonnin da masu buga wasan suka riƙa turo mana, ita kaɗai ke karantawa. Hotunan jakuna ne, ɗaruruwa. Wani direba ya raɗa wa nasa sunan motarsa. Wata ma'aikaciyar jinya ta rubuto cewa ita da mahaifinta suka reni nasu lokacin da mahaifin yake kwance, yanzu ya rasu, tana jiran wasa na biyu ita da jakin su ci gaba da tafiya.

"Duba da kyau," in ji Anti. "Ka ga siriri ko ɗaya?"

"Anti, in na ɗaga ranar nan, kujerata zan rasa."

"Na sani. Tawa ma haka. Ka nemo wani ya sa hannun, ba zan yi fushi ba. Ni dai ba da nawa ba."

Ya daɗe yana kallon allon. Sannan ya tashi, ya cire kalandar daga bango, ya shiga ofishinsa ya ja ƙofa. Abin da ya faɗa wa masu kamfani ban sani ba, amma ya fito yana share gumi, da wata biyar a hannunsa. A makon nan ya sa aka haɗe teburanmu ɗaki ɗaya, ya kuma kafa doka: kowace Alhamis, kowa sai ya buga wasan daga farko, har shi. Nan muka ga abin da sauri ya ɓoye mana. Ni kaɗai na tsinci wurare shida da labarina ke ƙaryata kansa.

An zage mu kan jinkiri, ba kaɗan ba. Amma ranar da wasan ya fita, muka taru a bayan kujerarta tana buga shi. Da ƙaton jakin nan ya taka gadar ya haye, sai na zauna a ƙasa ina hamdala. Kamfani ya tsira, sunanmu ya tsira, manaja ma yana nan.

Anti, ke ce birkin motar nan, kuma ba wanda ke yabon birki sai a gangara. Sunanki yana can ƙarshen jerin sunaye, inda babu mai karantawa. Kin sha harara daga yaran da kika girme wa iyayensu a haƙuri, ni a sahun gaba. Ki yafe mini.

Makon jiya ta yi ritaya, idanu sun ce sun gaji. Da za ta tafi ta kira ni gefe, ta ciro takardar nan daga jaka, layukana biyu, har ta fara yagewa a wurin ninki.

"Riƙe kayanka. Duk ranar da aka ce ka yi sauri, ka karanta."

Mun gode, Anti Dakata. Allah ya ƙara lafiya, ya hutar da idanun nan. Ku kuma da ke shugabantar masu ƙirƙira, in kuna da mai ce muku ku dakata, ku ja mata kujera, ku saurara. Jakinta yana nan a kwamfutar, ta bar mana shi amana. Mun yi jadawalin ciyar da shi, kuma gobe ƙarfe bakwai da rabi, layina ne.