Kande Mai Duban Ganye

Da damina, ana idar da sallar asuba Inna Kande ta Zoza take ɗaukar kwandonta ta shiga gonakin gyada, nata da na mutane. Takan tsinko ganye ta ɗaga shi saitin rana. In ta hango 'yar tsutsa kwance tsakanin fatar ganyen ta sama da ta ƙasa, sai ta jefa shi a kwando, da yamma ta ƙone. Wani ɗan ƙwaro ne mai fiffike kamar asu yake saka ƙwan, tsutsar kuma ta yi ta ci daga ciki har ganyen ya bushe.

Tun da Turawa suka kwaɗaita wa mutane noman gyada, aka rage gero, abin ya sami gidan zama. Farin zanen da tsutsar take bari, wasunmu cewa suke rubutu ne, alamar albarka, ba a taɓa shi. Har mahaukaciya an kira Kande. Amma kowa shaida ne, gonar da ta bi ita take fid da iri.

Ke ce kika ciyar da mu ba mu sani ba, Kande mai duban ganye. Ladan da muka ba ki dariya ce.

Hasken ranar da take kallo kuwa ya cinye mata ido. Bana ko tafin hannunta ba ta gani, kuma duk Zoza babu wanda ya karɓi kwandon. Gonaki sun yi ja kamar an bi su da wuta, ko irin baɗi ba mu da tabbas.

Makon jiya maƙwabcinta Halliru ya tarar da ita durƙushe a gonarsa tana lalube. Ya roƙe ta ta koma gida. Ta miƙa masa ganye.

"Ɗan nan, ɗaga ka duba mini. Tana ciki?"

Ya gan ta sarai, amma tausayi ya sa ya ce, "Babu komai, Inna."

Ta karɓa, ta murza a yatsunta, ta ji danshin tsutsar.

Mun gode, Inna Kande, ko da yake godiyar ta makara. Allah Ya saka miki. Ku kuma masu ido, kwandon yana nan rataye a ƙofar ɗakinta.